Me ya sa wa'azin Fada ɗan Dominikan ya bambanta da wanda muka saba ji?

Ɗan Sabon Gari:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. A Azumin bana an gayyato wani Fada ɗan ƙungiyar Dominikan ya yi mana wa'azi, kuma na lura cewa tun daga farko har ƙarshe bai saki ayar da aka karanta ba. Shin suna da nasu karatun ne dabam, ko kuwa horon da ake ba su ne ya kawo wannan bambanci?

Baba Katikis, Samaru:
Ɗana, karatun Lahadi tsari ɗaya muke bi da su, wanda aka fitar a 1969 bayan Babban Taron Vatican na Biyu: zagayen shekara uku ne, shekarar A ana karanta Bisharar Matiyu, B ta Markus, C ta Luka, ita kuwa ta Yahaya an fi jin ta a Azumi da lokacin Ista. Bambancin yana cikin asalin ƙungiyar. Waliyyi Dominik, mutumin Sifen, ya kafa ta ne musamman domin wa'azi, Fafaroma Honorius na Uku ya amince da ita a 1216, kuma ba a jima ba ya tura 'yan'uwansa Paris da Bologna, inda manyan jami'o'in zamanin suke, domin a ganinsa wanda bai yi karatu mai zurfi ba bai kamata ya tsaya gaban jama'a ba. 'Yan Dominikan sun iso Legas a 1951, daga baya suka yi aiki a Sakkwato da Gusau. Bishop na farko na Sakkwato ma, Edward Lawton, ɗan Dominikan ne.

Wata Sista:
Baba ya faɗi tarihi, ni kuma zan ƙara da yadda zaman yake daga ciki, ko da yake ƙungiyarmu dabam ce. Safe da yamma muna taruwa mu rera Zabura, ɓangare ɗaya ya ɗauki aya, ɗayan ya amsa, har kalmomin su zauna a baki ba tare da an yi niyyar haddace su ba. Bisharar Lahadi kuwa tun ranar Litinin ake buɗe ta. Mutum zai karanta a hankali, ya yi bimbini a kan jimlar da ta tsaya masa a rai, ya mai da ita addu'a, sannan ya yi shiru gaban Ubangiji. Waɗannan matakai huɗu Guigo, wani ɗan zuhudu na ƙarni na 12, ya tsara su a rubuce. Akwai wata dattijuwa a gidanmu da gefen shafukan Littafi Mai Tsarki nata ya yi baƙi da rubutun fensir, kuma idan muka zauna tattauna karatun, sau da yawa tambayarta guda ce ke rushe duk bayanin da muka shirya. Waliyyi Toma Akwinas, shi ma ɗan Dominikan, ya koyar cewa miƙa wa wasu abin da mutum ya samu cikin bimbini ya fi riƙe shi shi kaɗai. Sai dai a sani, wa'azin cikin Mas dokar Ikilisiya ta keɓe shi ga firist ko dikin, wato mataimakin firist da aka naɗa. Mu namu a ajin katikisma da taron zumuntar mata muke yi.

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Ban musa ko ɗaya ba, amma kada mu rage wa Fadan majami'a daraja. Baƙo yakan zo da wa'azin da ya daɗe yana gogewa, alhali namu yana fitowa ne daga jana'iza zuwa asibiti, daga nan zuwa majami'un ƙauye a kan babur, kuma shi ya san gidan da aka kasa biyan kuɗin makaranta. Fafaroma Francis, a wasiƙarsa Evangelii Gaudium ta 2013, ya ce mai wa'azi ya saurari Kalmar, ya kuma saurari jama'arsa, kuma ya sha roƙon firistoci su taƙaita wa'azi. A wajen sanin jama'a, Sista, ina ganin Fadanmu ya sha gaban baƙo. Abin da yake rasa shi ne lokacin zama da ayar, kuma kwamitin majami'a zai iya sama masa shi idan ya ɗauke masa lissafin kuɗi da sa ido a kan gini.