Kuɗin gyaran bakin rufi: ɗaya ya ce a lulluɓe da roba, ɗaya ya ce a ɓalle duka

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar rufi ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Tun daminar bara na lura fentin katakon nan da ya zagaye bakin rufin gidanmu, wanda kafintoci ke cewa fasiya, yana kumbura yana ɓarewa ta kusurwar baya, ban ɗauke shi wani abu ba na ce in ruwa ya ɗauke a sake fenti shi ke nan. To shekaranjiya ina tsakiyar shanya sai ga wani ɓangare na silin ɗin waje, wanda ke ƙarƙashin bakin rufin, ya saki yana reto, ya yi baƙi ƙirin, har sheƙar tsuntsu ta faɗo gabana. Yarona ya ɗauko sanda ya taɓa katakon wallahi sai ya lotsa kamar soso.

Na kira mutum biyu. Na farkon daga ƙasa ya tsaya ya ɗaga kai, ya ce ba sai an cire komai ba, zai kawo allon roba ya lulluɓe tsohon katakon ya maida silin, kwana ɗaya ya gama. Na biyun ya hau tsani ya daɗe a sama, da ya sauko ya ce sai an ɓalle gefen baya gaba ɗaya, a sauke indararon a duba kan raftoci, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku, kuma wai zai iya ƙaruwa in ya buɗe ya ga yadda ciki yake. Wannan "zai iya ƙaruwa" ɗin ita ta hana ni barci. Gidan ba bene ba ne, tsawonsa mita 12 faɗinsa mita 9. Me ke sa aikin nan tsada haka, katako ne fa guda nawa? Kuma wanne zan bi a cikinsu?

Tsohon Kafinta:

Wa'alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, wanda ya hau tsanin shi ya faɗa miki gaskiya ko da ta yi ɗaci. Kin ce katako ne guda nawa, to haka ne, a irin wannan aiki katakon shi ne ƙaramin kuɗi. Abin da ke cin kuɗi shi ne hawa sama, da ɓalle tsohon, da gyara abin da ke bayansa.

Ga yadda wurin yake. Raftocin da ke ɗauke da rufin suna gangarowa su wuce bango su leƙo waje, a kan bakinsu ake buga fasiya, indararo kuma a jikin fasiyar yake rataye, silin ɗin waje shi ke rufe ƙasan. Kin ga kenan ƙusa ce kawai ke riƙe su da juna, fasiya a jikin rafta, indararo a jikin fasiya. Katako ba ya ruɓewa haka kawai don ya tsufa, sai ruwa ya zauna a jikinsa. In danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta samun wurin zama. To tunda naki ya lotsa kamar soso, akwai inda ruwa ke shiga, kuma ya daɗe yana shiga. Yawanci ko indararon ya toshe da ganye yana ambaliya ta baya, ko ya karkace ruwa na kwanciya a kusurwa, ko kuma bakin kwanon bai leƙo sosai ba ruwan na lallaɓowa ta ƙarƙashi yana bin katakon. Kuma kan rafta inda aka yanka da zarto ya fi ko'ina shan ruwa, kamar rake yake tsotsa.

Shi ya sa mutumin ya ce zai iya ƙaruwa, ba wayo ba ne, babu mai ganin kan rafta sai ya cire fasiya. In sun yi lafiya, sabon katako kawai zai buga. In sun ci, sai ya yanke ruɓaɓɓen har ya tarar da mai ƙwari, ya kawo sabon guntu ya jingina a gefen tsohon ya ɗaure da noti, kuma guntun sai ya shiga ciki sosai ya wuce kan bango, wani lokaci sai an ɗaga layin farko na rufin kafin hannu ya kai. Rafta ɗaya aiki ne, goma kuma wani aikin ne daban.

Batun lulluɓewa kuwa, ki tambayi kanki a jikin me zai buga ƙusar? A jikin soso? Robar za ta rufe miki ido ne kawai, danshin ya samu ɗaki ya zauna, gara mai cin katako ita ma ta samu inuwa.

Injiniya K:

Baba ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara don Hajiya ta san abin da take ciniki a kai. Ana auna aikin nan da tsawon mita ne. In bakin rufinki ya leƙo santimita 60 ta kowane gefe, to tsawon ya zama mita 13.2, faɗin ya zama 10.2, zagayen duka mita 46.8 kenan. Gefen bayan kaɗai mita 13.2 ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Don haka tambaya ta farko ga su biyun: mita nawa kowa ya sa a lissafinsa? Sau da yawa mutum zai ga farashi biyu sun yi nisa da juna alhali ba aiki ɗaya suke nufi ba sam.

Ki ce kowa ya rubuta miki a takarda daban-daban, kuɗin kaya, kuɗin aiki, abin hawa, sauke indararo da maida shi, fenti, da kwashe tarkacen da aka ɓalle. Sannan abin da ya fi muhimmanci, na biyun ya faɗa miki tun yanzu nawa ne gyaran kan rafta guda ɗaya. In ya buɗe sai ku ƙirga tare, ya ɗau hoto da waya ya nuna miki, huɗu ne ko bakwai, ki ninka. Kin ga "zai iya ƙaruwa" ta zama abin da kike iya lissafawa da kanki.

Kuma don ki ga girman ruwan da ake magana, milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufinki ya kai murabba'in mita 134, in aka yi ruwa na milimita 25 lita sama da 3,300 ce ke gangarowa bakin nan a dare ɗaya. Indararo yana son ɗan gangare zuwa bututun da ke sauke ruwan, kamar milimita 2 zuwa 3 a kowace mita, in babu sai ruwan ya kwanta. Ko an sa miki sabon katako mafi tsada in ba a gyara wannan ba aikin banza aka yi.

Abban Gida:

Hajiya ni abin ya faru da ni don haka da zafi nake magana. Lulluɓewar na yi saboda sauƙi, kuma gaskiya ranar da aka gama gidan ya yi kyau fari tas har maƙwabta na tambaya wa ya yi. Damina biyu aka yi, a ta ukun wata rana da daddare ana ruwa da iska muka ji ƙara kamar an jefo ƙarfe, da safe na fito na tarar indararon ya zube a ƙasa tare da robar, ƙusoshin na nan a jiki kowacce da ɗan baƙin garin katako a bakinta, na sa hannu a tsohuwar fasiyar sai ta marmashe a tafina, jiƙe sharkaf, tana wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ruwan har ya bi ya shiga saman bango ya ɓata silin ɗin ɗakin yara. Na biya kuɗin roba, na zo na biya kuɗin ɓallewa, na biya na raftoci shida, na biya gyaran cikin ɗaki wanda da farko babu shi a lissafi. Wanda ya min aikin ko tsani bai hau ba ranar da ya zo dubawa, kamar dai naki na farkon.

Mai Roba:

Ni sana'ata ce sa robar nan, bari in faɗi nawa don kar a ɗauka robar ce matsala. Allon robar, wato PVC, iri biyu ne. Akwai siriri mai kaurin kamar milimita 9 zuwa 10, shi ne na lulluɓewa, ba ya ɗaukar nauyi, katakon bayansa ne ke riƙe komai. Akwai mai kauri daga milimita 16 zuwa sama, shi ake cire katakon gaba ɗaya a buga shi kai tsaye a kan raftoci kuma yana riƙe indararo. Siririn ba laifi ba ne in katakon lafiyayye ne busasshe, mutum ya gaji da fenti ne kawai. Amma a kan wanda ya lotsa, a'a, ni ma ba zan sa ba, Baba ya yi gaskiya.

Hajiya abin da zan ce ki duba shi ne, tunda gefen baya ne ya lalace ba dole sauran ukun su ma sun mutu ba. A bi su da sukundireba ana dannawa, musamman kusurwoyi da wajen mahaɗa, inda ya nutse a yi alama da alli. Wanda ya yi ƙwari a kankare a yi fenti a bar shi.

Wajen zaɓen kaya kuma, katako ya fi sauƙin saye amma yana son fenti duk bayan 'yan shekaru kuma duk fenti sai an sake hawa. Roba ba ta ruɓewa ba ta son fenti, sai dai tana miƙewa da zafi, allo mai mita 5 zai iya motsa kusan santimita 1 tsakanin sanyi da zafin rana, shi ya sa ake barin 'yar tazara a mahaɗa a rufe da murfi, wanda bai sani ba ya matse su sai ki ga sun tanƙware, mai duhun launi ma ta fi yi. Alminiyam shi ma yana daɗewa amma yana lotsawa in an jingina masa tsani.

Injiniya K:

Na manta abu biyu. Silin ɗin wajen nan a gidaje da yawa ta nan iska ke shiga cikin rufi, ko ta ramuka ko ta raga. Kar a toshe shi ruf don kyau, in iska ba ta zagayawa gumi ke taruwa a ciki ya jiƙa katako daga sama. A ƙa'idar gini ta Amurka ma an sa ma'auni, girman kafar iska ya kai kashi 1 cikin 150 na girman filin cikin rufin, ko 1 cikin 300 in an cika wasu sharuɗɗa. A sa raga mai ƙananan ido don tsuntsu da jemage da rina kar su samu hanya.

Na biyu, in gidan tsoho ne a duba da me aka yi silin ɗin kafin a fasa. An daɗe ana yin irinsa da allon siminti mai asbesto, a Birtaniya sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma yanka shi ko fasa shi na tada ƙurar da ke lalata huhu bayan shekaru masu yawa. In shi ne, cire shi aikin waɗanda suka san kansa ne kuma zai ƙara kuɗi, gara ki sani tun yanzu.

Maman Biyu:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, wallahi yau na fahimci abin da ake ce min. Baba na fita na duba kamar yadda kuka ce, daidai kusurwar nan reshen bishiya ne ya sunkuyo kan rufin, kuma daga ƙasa ma ana ganin indararon ya yi ciki a tsakiya, har ciyawa ta tsiro a ciki. Silin ɗin da ya saki falanki ne, na ga yana ɓarewa falle-falle, ba siminti ba. Na kira na biyun ya yarda zai rubuta komai daban, ya kuma faɗi kuɗin rafta ɗaya. Sai dai Baba kuɗin hannuna ba zai kai a yi duka yanzu ba, in na yi gefen baya kaɗai da katako na bar sauran zuwa baɗi akwai matsala? Kuma yarona na cewa shi zai hau ya share indararon don a rage kuɗi, shekararsa 17, zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsohon Kafinta:

Babu matsala 'yata, ki yi bayan kaɗai, amma ki sa ya zagaya kusurwoyin biyu ya ci kamar mita ɗaya a kowane gefe har ya tarar da katako mai ƙwari, don ruɓa ba ta tsayawa daidai kan kusurwa. Da bene ne da na ce ki daure ki yi duka lokaci guda saboda duk lokacin da aka kafa abin hawa sai an sake biyan kuɗinsa, amma naki ƙasa-ƙasa ne.

Ki tsaya a kansa kan abu uku. Katakon ya zama busasshe mai magani, kuma a shafa masa fentin farko gaba da baya da bakin da aka yanka tun yana ƙasa, don in ya hau babu mai sake ganin bayansa. Ƙusa ta zama wadda ba ta tsatsa, maganin katako na yanzu akwai tagulla a ciki, yana cinye ƙusar banza. Sannan ya sa siririn ƙarfen nan mai lanƙwasa a ƙarƙashin bakin rufin wanda ke jefa ruwa cikin indararo, kuɗinsa kaɗan ne. A sare reshen kafin a fara.

Yaron kuma kar ya hau shi kaɗai, kuma kar a jingina tsani a jikin indararo ko fasiyar da ta riga ta ci, nan ne mutane ke faɗowa. In dole ne sai an hau sauran gefunan, tsani ya zauna a ƙasa mai tauri, duk tsayin mita 4 gindinsa ya ja baya mita 1, babba ya riƙe masa, a kuma lura da wayar wuta in ta nan ta shigo gidan. Ni dai da za ki bi tawa, ki ce mai aikin ya share miki duka ranar da ya zo tunda tsaninsa na nan, ki sa shi cikin takardar tun yanzu. In ya buɗe ki turo mana hoton kan raftocin mu gani kafin ya rufe.