Wanda ya fita daga ECOWAS, yana da ta cewa a dokokinta?

Alhaji Umaru: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a rumfa munka yi ta ja da wani abokin cinikina na Ƙonni. Shi ya ce fitar Nijar daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta rage ta da komi ba, har gobe ana jin maganarta a Abuja, hedkwatar ƙungiyar. Ni ko na ce mai ba a raba gado da wanda ya ce shi ba ɗan gida ba ne. Tun 29 ga Janairun 2025 da fitar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, ba su da kujera a taron shugabanni, ba su da minista a majalisar ministoci, doka kuwa can ake yin ta. Masu ilimi ku warware muna, don ni motocin albasata ta Nijar suke bi.

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam. Alhaji kai ke da gaskiya. Ko a majalisar dokokin ƙungiyar, inda Nijeriya ke da kujera 35, Nijar shida gare ta, kuma ta bar su. Ga harajin bai ɗaya na kayan da ake shigowa da su daga waje, wanda ya fara aiki a 2015. Duk ranar da za a sake masa fasali, ƙasashe 12 da suka rage su za su zauna. Yamai sai dai ta ji a rediyo kamar ni da kai.

Malama Hadiza: Malam, a yi mini aikin gafara, ban yarda ba. Kun ɗauki ranar sa hannu ita ce ranar yin doka, alhali kafin a kai nan an gama komai. Ku dubi Norwe. Sau biyu mutanenta suka ƙi shiga Tarayyar Turai ta hanyar ƙuri'a, a 1972 da 1994. Amma tun Janairun 1994 tana cikin kasuwar Tarayyar bisa wata yarjejeniya, yanzu ita da wasu ƙananan ƙasashe biyu. Ba ta da ƙuri'a ko ɗaya. Abin da take da shi shi ne ƙwararrunta suna zama a kwamitocin da ke tsara daftarin doka tun yana ɗanye, tana kuma aika ra'ayinta a rubuce. In za a yi doka kan kifi ko jiragen ruwa ko makamashi, wanda ya zo da ƙididdiga da sanin aiki ba a rufe masa baki don kawai ba ya ɗaga hannu a ƙarshe. Balle tun 2022, da gas ɗin Rasha ya ja baya, Norwe ce ta fi kowa ba Turai gas. Mai riƙe da makamashin girkinka ba ka yanke hukunci a kansa ba tare da ka leƙa fuskarsa ba.

Malam Sanusi: Malama, ki ƙarasa labarin mana. Wannan Norwe ɗin tana kwasar dokokin kasuwar Tarayyar ta sa a nata kundin, tana kuma biyan kuɗi. A 2011 ta ce ba za ta karɓi wata doka kan aikin gidan waya ba, da gwamnati ta canja a 2013 sai aka janye ƙin. A ji ta bakinka daban, a yi da kai daban.

Malama Hadiza: Ban musa ba. Shawara ce, ba iko ba. Amma Alhaji cewa ya yi babu ta cewa sam, nan nake ja.

Nasiru: Mu bar Turai mu dawo Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wuta, an ce ma za a kai soja. Me ya faru? Sanatocin Arewa suka ƙi. Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami suka je Yamai, malamai ma suka je. Ranar 28 ga Janairun 2024 ƙasashen uku suka ce sun fita, ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumi. Ko wata ɗaya ba a yi ba. In wannan ba tasiri ba ne, mene ne sunansa?

Alhaji Umaru: Nasiru ɗana, wanga lokaci kar ka tuna mini. Mota biyu gare ni da sunka tsaya a hanya. Da na isa wajen, tun daga nesa wari ka tarbarka. Buhunan ƙasa sun jiƙe sharkaf, ruwan albasa na ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙuda baƙi ƙirin. Yaran mota na zazzagewa a ƙasa suna tsintar mai sauran rai, mata na saye da kwano a kuɗin da bai kai na dako ba. Direbana dattijo ne, ya kama hannuna yana ba ni haƙuri kamar shi ya rufe iyakar. Manoman da sunka ba ni kaya bashi, sai da na sayar da fili na biya su. To ka ga kukan da anka ji a Abuja namu ne, mu 'yan ciki.

Malama Hadiza: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ka lura, da bakinka ka faɗi hujjata. Babbar hanyar da na waje ke bi ya taɓa dokar ƙungiya ita ce ta mutanen ciki da cinikinsu ya ɗaure da nasa. Nijar ba ta buƙatar kujera in Sakkwato da Kebbi da Katsina za su yi kuka a madadinta.

Malam Sanusi: Abu biyu. Na ɗaya, a Fabrairun 2024 Nijar ba ta gama fita ba, yarjejeniya ta ce sai an ba da sanarwar shekara guda. Ƙungiya lallashinta take yi kar ta tafi. Na biyu, ɗage takunkumi siyasa ce. Ni maganar doka nake: wa zai ce ga harajin shinkafa, ga takardar da za ta nuna kaya na yankin ne, ga sharaɗin ƙetarawa da shanu? Tun 1998 ƙungiyar ke da ƙa'idar kiwon ƙetare iyaka da takardar shaidarta. Idan aka tashi gyara ta, makiyayan Nijar ta fi shafa, kuma ba wakilinsu a ɗakin.

Malama Hadiza: Akwai ƙofar da ka manta. Nijar da Mali da Burkina ba su fita daga ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa ba, wato UEMOA. Ƙasashe takwas ne, biyar daga ciki, Benin da Togo da Senegal da Kwaddibuwa da Gini Bisau, suna ECOWAS har yanzu. Ministocin kuɗinsu na haɗuwa, babban bankinsu ɗaya. Abin da aka daidaita a can, waɗannan biyar ɗin da shi za su shigo Abuja. Togo kuwa tashar jiragen ruwan Lome na cin abinci da kayan ƙasashen Sahel, ba za ta so dokar da za ta kore su ba. Ba banza ba a Yulin 2024 ECOWAS ta ɗora wa shugabannin Senegal da Togo shiga tsakani. Muritaniya ma da ta fita daga ECOWAS a 2000, ai a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa ba tare da ta koma mamba ba.

Hajiya Luba: Ina ta karantawa. Ni wake nake saya ina ajiyewa, bari in faɗi nawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Mu ma a wajensu 'yan waje ne. Wa ya tambaye mu? Wane ɗan ciki ya yi kuka dominmu? Babu, don wakenmu bai tsare musu komai ba. Malama, wannan tasirin da kike faɗa na mai abin hannu ne. Wanda ba a buƙatarsa, ko ya kwana a bakin ƙofa ba a buɗe masa.

Malama Hadiza: Wannan kam Hajiya kin kama ni. Zan ƙara da cewa laifin maganin namu ne, mu muke zuba shi a buhu. Amma haka ne, sai kana da abin da ake so, ka kuma zo da hujja a rubuce tun da wuri.

Nasiru: Nijar ai tana da abin hannu. Dabbobi, albasar Galmi, hanyar da kayanmu ke bi. Shi ya sa ranar da fitar ta tabbata ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu, a bar kayansu su shigo bisa tsarin ciniki maras haraji.

Malam Sanusi: Karanta sanarwar da kyau, Nasiru. Cewa aka yi har zuwa wani lokaci, kafin a tsayar da yadda za a zauna. Kayan aro ba ya rufe katara. A da haƙƙi ne, ɗan Nijar na iya kai ƙara kotun ƙungiyar. Yanzu alfarma ce, taro ɗaya ya isa a janye ta. Su ma ƙasashen uku a Maris 2025 sun sa nasu harajin, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kan kayan da ke shigo musu daga waje, kuma mu ma ba a tambaye mu ba.

Alhaji Umaru: Malam, mi ne amfanin zaman ciki in ana iya taka doka? Mu da muke ciki, a 2019 gwamnatinmu ta rufe iyaka har Disamban 2020. Sannan Nijar na da kujerarta shida, ba ta hana ba.

Malam Sanusi: Gaskiya ne Alhaji, wannan ya yi mini ciwo ni ma. Amma a lokacin suna da takardar da za su ɗaga su ce an saɓa.

Alhaji Umaru: To na sassauta rabi. Suna da baki, amma bakin namu ne sunka ara. In haka ne, tunda zaman da za a yi da su bai ƙare ba, bai kamata mu zura ido ba. Malama, in na tara miki lissafin motocin da ka fita ta Illela daga wajen 'yan ƙungiyarmu, da abin da muke biya kowane shinge, za ki iya tsara muna shi a takarda mu kai wa wakilanmu na majalisa?

Malama Hadiza: Da yardar Allah, Alhaji. A rubuta kwanan wata da irin kaya da inda motar ta nufa. In akwai rasit a haɗo da shi. Hajiya, ku ma masu hatsi ku kawo naku.

Hajiya Luba: Zan yi wa matanmu magana bayan la'asar.