Muhawara: Agajin ambaliyar Haɗejia, taimako ne ko neman suna?

Ɗan Auyo: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Da kogin Haɗejia ya cika ya ci garuruwanmu a watan Satumban 2020, ajujuwan firamare aka kwashe mutanenmu, da yake makarantu a rufe suke tun Maris saboda korona. Gero da dawa sun ruɓe a gona, rumbuna sun zube. Sai ga wata ƙungiyar agaji daga birni da motoci da alluna masu hoton shugabanta. Da idona na gani: an ajiye buhun shinkafa a gaban goggota, aka ce ta dafa shi, aka ɗauki hoto, sannan aka ja buhun gefe aka auna mata kwano biyu a leda. Sauran kayan duk takunkumi ne da man goge hannu. Wanda sauro ya hana 'ya'yansa barci, shi za ka miƙa wa takunkumi? Ina gidan sauro, ina maganin zazzaɓi? Wannan neman suna ne. An jera iyayenmu a rana tun hantsi kamar 'yan gudun hijira.

Ɗan Bama: Allah ya mayar muku da alheri, ɗan'uwa. Amma "kamar 'yan gudun hijira" da ka ce, me kake nufi? Mu da muka baro Bama da ƙafa a 2014, mu ne muka zama abin misalin wulaƙanci? Mahaifiyata har yau a sansani take a Maiduguri, kuma tana shiga layin abinci. Ta fi goggonka ƙasƙanci ne?

Ɗan Auyo: Subhanallahi, ba haka nake nufi ba. Mu a garinmu muke, ruwa ne kawai ya tashe mu.

Ɗan Bama: To mu da gangan muka tashi? Mu ma mun san ruwa. A 1994 madatsar Alau ta ɓalle ta ci Maiduguri, iyayenmu sun ba mu labari. Wanda ya bar ɗakinsa ba da son ransa ba ɗan gudun hijira ne, ko bindiga ce ta kore shi ko kogi.

Malam Na Zaure: Ku dakata 'ya'yana. Hijira ba abin kunya ba ce. Manzon Allah (SAW) ya yi ta daga Makka zuwa Madina, sahabbai sun yi ta zuwa Habasha, Shehu Usmanu ya yi ta daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Sai dai a gaskiya hijira ta gudun fitina ce saboda addini. Wanda ruwa ya tasa, jarrabawa ce ta same shi, ba hijira ya yi ba.

Ɗan Bama: Allah gafarta Malam, ke nan ka goyi bayansa.

Malam Na Zaure: Ban goyi bayan kowa ba, abin da na karanta na faɗa.

Uwar Biyu: Ni dai ina cikin waɗanda suka tara kuɗin agaji, ko da yake ba wannan ƙungiyar ba. Ɗan Auyo, ka san yadda ake kai kayan? Hanya ta yanke, sai a kwale-kwale, kuma mai jirgin ba kyauta yake yi ba. Shinkafa ta yi tsada tun da aka rufe boda a Agustan 2019. Za ka tafi da sunan gida hamsin daga hannun mai unguwa, ka tarar da mata sun ninka haka, kowace da goyo. Ya za ka yi in ba ka fasa buhu ba? Hoton kuma waɗanda suka ba da kuɗinsu ne ke tambaya, don su san ba a cinye ba.

Ɗan Auyo: Hajiya, to a ɗauki hoton kwano biyun mana, tunda shi aka bayar.

Bakano: Kullum ku 'yan Jigawa ƙorafi. An kawo, kun ce kaɗan ne. Da ba a kawo ba, ku ce an manta da ku.

Jikan Bamanga: Kai ne ma za ka yi magana? Ruwan daga ina yake zuwa? Ba madatsun Tiga da Challawa ba ne in sun cika ake sako mana? Ku yi noman rani a Kadawa da ruwan, mu mu kwana a kan benci.

Bakano: Tiga tun zamanin Audu Baƙo take nan, lokacin ma Haɗejia a jihar Kano take, ba a yi Jigawa ba sai 1991. Ku fara cire kacalar da ta toshe muku kogi tukuna. Ciyawa ta cike hanyar ruwa, ina kuke so ya bi?

Jikan Bamanga: Da hannu za mu cire ta? Ka taɓa shiga kacala ka ga yadda take yanka ƙafa?

Manomin Argungu: Ku kuna ta Tiga, mu a Kebbi ba wanda ya tuna da mu a nan. Shinkafa ta kusa nuna ruwa ya shafe fadama daga Argungu har Bagudo da Yauri. Da yawanmu bashin Anchor Borrowers, wato rancen noma na Babban Banki, ne a wuyanmu. Ni ba kwano biyu nake nema ba, iri da taki nake so in koma noman rani.

Ɗan Yamai: Mu ma kogin Kwara ya fasa shinge ya shiga Harobanda, Lamorde da Kirkisoye duk sun sha ruwa. Kuma a nan ba wanda ya ce musu 'yan gudun hijira, "waɗanda ambaliya ta shafa" ake cewa a rediyo.

Ɗan Bama: Ka ji ko? Kowa yana gudun sunan kamar cuta. Allah ya isa.

Sarkin Samari: Ni takunkumin ne ya fi ba ni haushi. Wace korona a ƙauye? Cutar masu hawa jirgi ce, an mayar da ita hanyar cin kuɗi.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƙanina, ka ji tsoron Allah. Ka manta mace-macen Kano na watan Afrilu? Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, da bakinsa ya ce mutum 979 aka lissafa, kuma ana kyautata zaton rabi ko fiye korona ce. Aji guda cike da tsofaffi masu tari da hawan jini, ka ce takunkumi ba shi da amfani? Abin da na yarda da Ɗan Auyo shi ne gidan sauro da ruwan sha mai tsabta, don amai da gudawa ke biyo bayan ambaliya.

Sarkin Samari: Anti, to kayan tallafin korona na CACOVID da aka fasa rumbunansu a Bukuru da Kaduna da Ilorin fa? Shinkafa da taliya jibge, mutane na yunwa.

Uwar Biyu: Wannan na gwamnatocin jihohi ne, kada ka haɗa mu da su. Gwamnoni ma sun ce ajiya aka yi don a raba daga baya.

Sarkin Samari: Daga baya yaushe, ranar zaɓe?

Ɗan Auyo: Jama'a, ni maganar goggota na kawo.

Ɗan Bama: Ka janye kalmar tukuna.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da aka tsayar. Ɗan Auyo ya yi kuskure a kalmar da ya yi amfani da ita, ya ba Ɗan Bama haƙuri. Zargin neman suna bai kawo hujja ba, labarin mutum ɗaya ne, kuma Hajiya Uwar Biyu ta yi bayani mai gamsarwa. Ni kaina na san wahalar tara kuɗin nan, da ni aka zaga 'yan kasuwa a Kantin Kwari. Batun Tiga ba hurumin wannan zaure ba ne, kuma an nuna cewa kacala ce babbar matsalar, don haka kada a sake ɗora wa Kano laifi a nan. Sarkin Samari, na goge saƙonka na ƙarshe. Za a sake kai kaya ƙasar Haɗejia, wanda zai ba da gudummawa ya yi wa Hajiya magana ta gefe. Na rufe wannan batu.