Kachalla da jemage, wanne ne ke buƙatar kariya?

Ɗalibar_Gashuwa:
Salam yan uwa dan Allah a taimaka min, an ba mu aiki mu kwatanta kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan, da babban jemagen nan mai cin ƴaƴan itace, rukuninsu da batun kare su. Ni dai na ga jemage kowa korarsa yake, ita kuma kachalla ta cika mana ruwa, to wanne ake karewa kenan?

Malam_Bayoloji:
Wa'alaikumus salam ɗiyata. Kachalla sunanta na kimiyya Typha domingensis, dangin Typhaceae, kuma babban rukuninta Poales ɗaya ne da na shinkafa da gero. Jemagen kuma Eidolon helvum ne, dangin Pteropodidae, ba tsuntsu ba ne, haihuwa yake yana shayarwa. A jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, kachalla tana sahun waɗanda ba a damu da ƙarewarsu ba, shi kuma yana sahun waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Ɗan_Nguru:
Malam ai kachalla mu ya kamata a kare daga gare ta wallahi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da na Challawa a 1992 ruwa ya daina hawa da sauka yadda aka saba, sai ya zauna wuri ɗaya shekara guda, ita kuma abin da take so kenan, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru kwalekwale ba ya wucewa masunta ba wurin jefa koma, ga tsuntsun jan baki ya samu maɓuya a ciki yana fitowa ya cinye mana shinkafa, mu da kanmu muke gayya mu shiga da lauje ruwa har ƙirji, kafin wata shekarar ta sake tsirowa.

Hajiya_Nima:
Sannunku da ƙoƙari ɗan uwa. Ni tausayin jemagen nake ji, a nan Akra suna rataye a bishiyoyin bakin asibitin sojoji na 37, kuma ana farautarsu don nama. Ɗa guda mace ke haifa a shekara fa, in an kashe da yawa ba sa saurin mayarwa.

Malam_Bayoloji:
Haka ne Hajiya. Ɗiyata ki ƙara da wannan, furen kuka da daddare yake buɗewa kuma jemagu na cikin masu yi masa barbara, suna kuma kai irin itatuwa nesa a kashinsu.

Ɗalibar_Gashuwa:
Kai Malam kukar ma? Na gode sosai, gobe zan miƙa in sha Allah.