Tiransfonda a gilaida, wai almubazzaranci ne?

Ɗan Jamus: Salamu alaikum 'yan zaure. Wallahi yau raina a ɓace yake. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi gilaida a kulob ɗinmu nan Jamus, jirgin nan dai mara inji da ake ja sama a sake shi ya bi iska. Yanzu abokan tarayyar tawa sun tsaya kai da fata sai mun sa tiransfonda, wai don manyan jirage da masu rada su dinga ganinmu. Wajen Yuro 2,000 fa banda kuɗin ɗaurawa, alhali muna da FLARM, na'urar da ke gargaɗin masu gilaida kar su yi karo. Ni dai na faɗa musu wannan almubazzaranci ne tsagwaronsa.

Injiniya Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, FLARM ɗin nan da aka ƙirƙiro a Suwizalan a 2004, mai FLARM ne kaɗai ke ganin mai FLARM. Jirgin fasinja kuwa na'urarsa ta kauce wa karo, wato TCAS, tambaya take aikawa a kan 1030 MHz, tiransfondarka ta amsa mata a 1090. In ba ka da ita to a wajensa babu kai a sararin nan, ga gilaida fara fat siririya, kafin ido ya hango ka an iso kanka.

Ustaz: Tsaya tukun. Ɗan'uwa ka san nauyin kalmar da ka furta kuwa? Almubazzaranci shi ne zuba dukiya inda ba ta da amfani. Abin da zai kare rai ai bai shiga nan ba, ka janye.

Na Kantin Kwari: Allah gafarta Malam ai shi jirgin kansa ne almubazzarancin 😂 mutum ya sai jirgi ba inji, ba ya ɗaukar kaya ba ya kai ka Jidda, ana fama da kuɗin shinkafa a gida

Ɗan Jamus: Da guminka na saya?

Ustaz: Wancan kuma israfi ake ce masa in ma ya tabbata, ba tabziri ba. Ku dinga bambancewa.

Na Kantin Kwari: To fa, an buɗe makaranta.

Injiniya Bazazzagi: Don Allah mu koma kan magana. Ranar 28 ga Agustan 2006 a jihar Nebada ta Amurka, jirgi ƙirar Hawker 800XP ya yi karo da gilaida ASW 27 a tsayin wajen ƙafa 16,000. Mai gilaidar yana da tiransfonda a jirgin amma a kashe take. Allah ya yi da sauran kwana, shi ya diro da lema, Hawker ɗin kuma ya sauka a kan cikinsa a Carson City, ba wanda ya mutu.

Ɗan Jamus: Yauwa Yaya ka kawo min hujja da kanka! An saya an ajiye ba a kunna ba, in ba almubazzaranci ba mene ne wannan? Kuma ba ku san matsalar ba, mu ba mu da injin da zai yi mana caji, batir 12V ne ke riƙe rediyo da bariyo (mai nuna hawa da sauka) da komai har yamma, ka ƙara masa wani baki kuma

Hajiyar Landan: Kai yaro, na zamani ba sa cin wuta haka. Tiransfondar Trig TT21 wat 130 ce, ajin da aka yarda da shi har ƙafa 15,000, TT22 kuma 250. In ba hawan igiyar iskar duwatsu kake ba ƙaramar ta ishe ka. Ka sa batir LiFePO4, ka jona mata GPS ta dinga fitar da ADS-B, wato saƙon da ke sanar da inda kake. Kuma ba ka da yankunan TMZ, inda dole sai da tiransfonda ake shiga, a Jamus ɗin ne? Ko zagaye su za ka yi ta yi?

Injiniya Bazazzagi: Hajiya karon da na faɗa sama da 15,000 ya faru. Babbar zai saya.

Hajiyar Landan: Duwatsun Nebada ne a garin nasu? Ku 'yan Zariya daga kun wuce ta ƙofar kwalejin jiragen sama shikenan kowa ya zama kyaftin.

Injiniya Bazazzagi: Kwalejin da ke nan tun 1964 kike wa gatse? Ku a Kano me kuka yaye banda 'yan kasuwa?

Na Kantin Kwari: A'a Injiniya kar ka taɓo mu, jirgin farko da ya sauka a Najeriya a Kano ya sauka, 1925, je ka tambaya

Ustaz: Har yanzu dai bai janye kalmar ba.

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da aka cimma: Injiniya ya kawo hujja da shekara da sunan jirgi ba wanda ya iya karya ta, saboda haka TT22 za a saya. Hajiya ta yi ƙoƙari amma ta ɓata da zagin Zazzau. Ɗan Jamus ya biya kasonsa ya daina ƙorafi. Maganar saukar jirgi a Kano kuma ba ita ta tara mu ba.

Hajiyar Landan: Admin ɗan Tudun Wadan Zariya ne fa jama'a, kar ku manta.