Ringin fistin ya tsayar mini da injin tsere: wa ya taɓa shan wannan wahalar?

Mai Ƙaramin Bilok:
Salam 'yan'uwa. Sati biyar ke nan injina na kwance a kan benci, kuma ba karanshaf ya tsayar da ni ba, ringi ne. Bilok ɗin Chevrolet 350 ne mai karanshaf na inci 3.75, na tseren rubu'in mil, da naitros, wato iskar da ake fesa wa injin don ƙara masa ƙarfi, na doki 200 a kai. Na saye shi tare da fistin takwas da aka ƙera wa mai shi na farko, kuma silinda an rarake ta zuwa inci 4.045. Kaurin gurbin ringi na sama da na biyu a jikin fistin inci 0.043 ne, na ringin mai milimita 3. Duk inda na leƙa neman ringi sai in ga na silinda 4.030, 4.040, 4.060. Nawa girman kamar ba a taɓa haifarsa ba. Wanda ya taɓa faɗawa irin wannan rami ya gaya mini ta inda ya fita.

Tsohon Bakanike:
Ƙanena, kafin ka nemi komai ka ajiye lambar silinda gefe, ka ɗauki fistin ɗaya ka auna zurfin gurbin. A nan na taɓa ƙonewa. Na yi odar saiti da girman silinda daidai, kauri daidai, ya iso, na tura ringin sama cikin gurbi, sai ga shi ya yi tsiri a waje, farcena na kama shi. Ringi na gargajiya faɗinsa daga fuska zuwa baya kusan girman silinda ne a raba 22, wato wajen inci 0.184 a injin irin naka. Gurbin fistin ɗina kuwa 0.165 ne, don an yi shi ne domin ringin da aka rage wa baya. Da na rufe ido na danna shi cikin silinda, ringin ne zai riƙa ɗaukar nauyin fistin. Dole ringi ya nutse gaba ɗaya a gurbinsa, har ya bar ɗan sarari a baya. Saitin nan yana cikin durowata har yau, ko man da aka shafa masa bai bushe ba.

Mai 2JZ:
Oga ya faɗi gaskiya. Ni nawa darasin a kan ratar bakin ringi ne, wato ɗan sararin da ake bari tsakanin bakunansa biyu. Injin Toyota 2JZ mai turbo, silinda milimita 86.5. Na ga rata ƙarama tana ba da lamba mai kyau a gwajin yoyon iska, sai na matse ta kamar ta motar zuwa aiki. Gudu biyu lafiya lau. A na uku, ina shiga giya ta uku na ji wani ɗan tari, hayaƙi ya turnuƙe madubi. Da muka buɗe, silinda ta shida an ɓantare gefen saman fistin kamar an gatsa, bakunan ringin biyu kuwa suna ƙyalli inda suka haɗu suka tokari juna. Zafi ya buɗa ƙarfe, ba shi da wurin zuwa, sai ya ɗaga abin da ke kansa.

Tun daga nan lissafin masu ƙera ringi nake bi. Injin da ba turbo ba naitros, wajen 0.0045 a kowane inci na silinda. Mai naitros ko turbo, daga 0.0055 zuwa 0.007, gwargwadon wutar da kake ba shi. Naka da 0.0065 zai ba ka 0.026 a sama. Na biyu ka bar shi ya ɗan fi na sama buɗewa, don iskar da ta kuɓuce ta samu hanya, kada ta taru a tsakani ta ɗaga na saman daga mazauninsa.

Ɗan Koyo:
Don Allah yayyena, ba sai ya sayi na 4.060 ya goge ba? Ai da magagari duk ya zo daidai.

Tsohon Bakanike:
A'a yaro. Magagari rata yake gyarawa, ba ya gyara lanƙwasa. Ringin da aka yi wa babban da'ira, ka matse shi cikin ƙarama, bakunansa za su danna bango, wani wurin ya saki. Haska fitila ta ƙasa za ka ga haske na ratsowa.

Mai Lissafi:
Ni ina ganin abin da kake nema yana kan kanta, sunansa ne kawai daban. Saitin da ake gogewa da hannu ana yin sa da ƙarin 0.005 a kan girman silinda. Ma'ana, na 4.040 ainihin ringinsa 4.045 ne. Duk ƙarin 0.001 a silinda yana buɗa rata da kusan 0.003, don haka a taka silindar zai zauna da ratar da ta fi wadda zai yi a silindar 4.040 da wajen 0.016. Kai kuma 0.026 kake so, ka ga da sauran abin gogewa. Na yi haka a wani injin Ford, ya tafi lafiya kaka biyu. Inda na yi tuntuɓe shi ne ringin mai. Ƙarfen tsakiyarsa mai tura siraran ringi biyun da ke sama da ƙasa an yi shi ne don ƙaramar silinda, sai ƙarfinsa ya ɗan ragu. Shi sai da na nema daban.

Hajiya Mai Camaro:
Ba wanda ya yi maganar ƙarfen da aka yi ringin da shi, kuma da naitros a nan gizo ke saƙa. Shekara biyu ina amfani da mai fuskar moli, wato rufin ƙarfen molybdenum, saboda saurin zama. Rana ɗaya man konewa ya yi ƙaranci, injin ya yi ƙwanƙwasa na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Da na cire fistin, fuskar ringin ta ɓare wuri-wuri kamar tsohon fenti, ɓarɓashin kuma ya zana layuka a bangon silinda. Na koma ringin sama na zallar ƙarfe mai tauri, na biyu kuma Napier, mai ɗan ƙugiya a ƙasa da ke kankare mai. Amma ka gaya wa mai wasa silinda irin ringin da za ka sa kafin ya taɓa bilok ɗin. Ringi mai tauri ba ya yafe wasa ta ganin ido. Ya ɗaura farantin da ke maye gurbin kan silinda, ya ja kusoshi yadda za a ja su a ƙarshe, in kuma yana da na'urar auna kaushin bango ya ba ka lambobin a rubuce.

Wani abu kuma: duba saman fistin ɗinka. In akwai ƙananan hudoji a jere a gefe, na tura iskar konewa bayan ringi ne. Suna riƙe matsi sosai, amma suna cin ringi da wuri, don haka saiti biyu za ka nema.

Mai 2JZ:
Hajiya, me kika gani game da ringi marar rata na kamfanin Total Seal? Wani abokin tserena ba ya sa komai sai shi.

Hajiya Mai Camaro:
Ban taɓa sawa ba, ba zan yi shaidar abin da ban gani ba. Na dai san guda biyu ne a gurbi ɗaya, ɗaya na toshe ratar ɗaya, kuma shi ma sai an goge masa rata.

Mai Famfo:
Ni tawa gajeriya ce. Na sa ringin mai marar ƙarfi don in rage gogayya, ban sa famfon zuƙe iska daga cikin injin ba. Filogi takwas suka fito jiƙe da baƙin mai. Mai a ɗakin konewa ga naitros, ai neman ƙwanƙwasa ne da hannunka. Dokin da na samu bai kai na wahalar sake buɗe injin ba. Kuma tunda karanshaf ɗinka dogo ne, leƙa ko ramin fin, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da sandarsa, ya ratsa gurbin ringin mai. In ya ratsa, akwai siririn ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙasa ya tallafe shi, ba kowane saiti ke zuwa da shi ba.

Mai Ƙaramin Bilok:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na zauna da fistin takwas ɗin. Baba, ka yi gaskiya, gurbin sama 0.168 ne, ringin gargajiya ba zai shiga ba. Hudojin da Hajiya ta ce suna nan, guda goma-goma, duk sun toshe da baƙin gawayi, shi ya sa ban lura da su ba. Ramin fin ma ya ratsa gurbin mai.

Da safe na kira sashen fasaha na wani kamfanin ringi. Mutumin bai damu da sunan injin ba. Girman silinda, kaurin kowane gurbi, zurfinsa, irin mai, yawan naitros, shi ke nan abin da ya tambaya, kuma ya haɗa mini saitin ɗaya-ɗaya: na sama da na biyu kamar yadda Mai Lissafi ya ce, na mai kuma na girman silindata da ƙarfi na tsaka-tsaki.

Tsohon Bakanike:
Madalla. In sun iso, baki ɗaya kawai za ka goga, daga waje zuwa ciki don kada rufin fuskar ya ɓantare. Tura ringin da kan fistin wajen inci ɗaya cikin silinda ya zauna daidai kafin ka sa gejin auna rata, kuma kowanne ya tsaya a silindar da aka auna shi. Ka ce su ƙara maka na silinda ɗaya a kai. Na takwas ɗin nan, lokacin da hannu ya saba ido ya gaji, shi ake wuce gona da iri.

Mai Ƙaramin Bilok:
Na riga na ce su sa biyu, Baba. Yanzu ina nan da siririyar waya ina buɗe hudoji tamanin.