Musayar baitoci kan sistocin St Louis, daga Kano har Zonkwa

Inna Ladi
Salama jama'a. Jiya na raka jikata awo, sai na tuna sistocin Katolika na ƙungiyar St Louis a asibitin Zonkwa, inda aka yanke mini cibi. Mai ƙari ya ƙara.

Da sunan Ubangiji zan fara waƙa,
Ga mata waɗanda suka bar gidansu,
Ba aure, ba gona, ba tarin tufafi,
Majinyaci shi suka mai da ɗansu.

A Zonkwa uwata ta durƙusa da dare,
Fitilar ƙwai ce kaɗai a hannunsu,
Sista ta naɗe hannun rigarta ta karɓe ni,
Kafin asuba ina barci a cinyarsu.

Ɗan Fagge
Inna, na durƙusa na gaishe ki, amma a ba Kano girmanta. Nan suka fara sauka a Najeriya, a 1948.

Inna ki yafe, Kano ce mafari,
Zonkwa ƙanwa ce, ta biyo a baya,
Sun ga Dala, sun sha ruwan garinmu,
Kafin su ɗaura kayan tafiya.
Yayata a Bompai ta yi karatu,
Da sallarta ta shiga, ta fito lafiya,
Yau ita ke duba idon tsofaffi,
Allin sista ne ya share mata hanya.

Mai Gatari
Maroƙa sun taru suna yabon baƙo,
Kowa da kalangu kamar gidan biki,
Mai jefa wa kifi tana a ruwa,
Ba tausayi ba ne, da ƙugiya a ciki.

Inna Ladi
Ɗana Mai Gatari, matso kusa ka ji.

Shekara sittin ina kallon ruwan nan,
Ban ga kifin da ƙugiyar ta kama ba,
Matan ruga na zuwa da goyo a baya,
Ban ga wadda ta koma ba da sallarta ba.
Kai da ke sara da baki daga inuwa,
Ka taɓa wanke gyambon da ba naka ba?
Gatari sai ya yi wa marayu faskare,
In ba haka ba, bai ci sunansa ba.

'Yar Kabala
Ayyururui! Inna ta gama magana. Mutanen Kano ku kawo wani, wannan gatarin ya dakushe.

Ɗan Fagge
Yaya, wa ya ce miki Bakano ne? Kada ki liƙa mana shi.

Malam Na-Zazzau
Ni ba na shiga faɗan gari. Amma Inna, da girmanki, ɗangonki na farko ya hau karin waƙa na Mutaƙarab sarai, gaɓa 12. Ɗangon da sista ta naɗe hannun riga gaɓa 14 ne, ya faɗi daga kan dokin. Kai kuma Ɗan Fagge, amsa-amon "ya" kowa na iya tsintarsa a bakin hanya.

Ɗan Fagge
Allah ya gafarta Malam, aruli, wato ma'aunin karin waƙa, nauyin gaɓa yake aunawa, ba ƙidayar goro ba ce.

Malam ya zo da mudu zai auna kuka,
Uwa na naƙuda yana ƙirgen gaɓa.

Malam Na-Zazzau
Na auna nauyin ma, yaro, bai zauna ba.

Waƙar da ba ta da kari zance ce,
Ko da zuma aka zuba mata a baki,
Wanda ya raina ma'aunin magabata,
Gininsa ba ya kai damina, sai ya faɗi.

'Yar Kabala
Malam, "baki" da "faɗi" fa? Amsa-amon naka ma ya yi tuntuɓe. A bar wa Inna waƙarta, rerawa ake yi, ba a allo aka haife ta ba.

Malam Na-Zazzau
Da gangan na yi, don in ga mai kunne.

Katikis Na-Jos
Ana ta faɗan gaɓa an bar maganar "baƙo", ita ce ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne daga nesa abin ya taso. Fada Louis Bautain ne ya kafa ƙungiyar a Juilly ta Faransa a 1842, ta haura Monaghan a ƙasar Ailan a 1859, daga can suka zo Kumasi ta Gana a 1947, sannan Kano. Amma leƙa kwalejinsu ta 'yan mata a nan Jos, ko makarantar koyon jinya da ungozoma a Zonkwa, ka ga su wa ke riƙe da aikin yau.

Iri daga nesa aka kawo shi,
Amma a ƙasarmu ya yi saiwa,
'Ya'yanmu ne yanzu ke ɗaura lulluɓin,
Su ke allo, su ke karɓar haihuwa.
Talauci da tsarki da biyayya,
Alkawari uku, ba ranar kwancewa,
Takensu addu'ar Yesu ce a Yohanna,
Su zama ɗaya, ba rarrabuwa.

Mai Gatari
Kwana biyu ban leƙo ba. Marin Inna na karɓa, na uwa ne. Amma ku ji inda zafin yake. Watan jiya na kai matata wani asibiti da tsakar dare, ba na mishan ba, aka ce sai na ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. A kan benci ta kwana.

Ba sista nake sara ba, Inna,
Masu kuɗinmu nake wa kuka,
Bene hawa uku, mota a jere,
Ina waƙafi? Ina zakka?
Mata marasa ko sisi sun gina asibiti,
Mu muna gasar yankan raguna a Makka.

Malam Na-Zazzau
Ɗango na biyar ya yi tsawo.

'Yar Kabala
Haba Malam, don Allah!

Inna Ladi
Ku yi shiru tukuna. Ɗana, ya jikin matar taka yanzu? An sauka lafiya? Me aka samu?